Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Aibin da Ke Fuskar Kwabo

[Kiɗan buɗe shiri, ya yi ƙasa a hankali]

Yau kafin in ce komai, ku ara mini kunnuwanku. Ga kwabbai biyu a hannuna, zan saki kowanne a kan teburin nan. Ga na farko.

[Ƙarar kwabo, siririya, tana jan amo]

Ga na biyu.

[Ƙarar kwabo, gajera, a dushe]

Kun ji bambancin? Na farko ya ɗan yi waƙa kafin ya kwanta. Na biyu ya ce ƙwas, ya yi shiru. Da kuna tare da ni a ɗakin nan, ido ba zai raba muku su ba. Dukansu senti ɗaya ne na Amurka, dukansu da hoton Shugaba Abraham Lincoln, dukansu jajaye, girmansu ɗaya, har shekarar da ke jikinsu ɗaya ce, 1982. Amma na farko jan ƙarfe ne har cikinsa. Na biyu riga kawai aka sa masa.

Wannan rigar ce maganarmu ta yau, da irin tabo da kumburi da tsagar da ke fitowa a kanta. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, kwanakin nan ba ka raba wayar matasanmu da bidiyon wani yana ɗaga kwabo yana cewa wannan ɗan ƙurjin da ke jikinsa ya mai da shi na miliyoyi. Mai sayar da gwanjo ya tsinci senti a aljihun wandon da ya fito daga dila, ɗalibi ya dawo daga karatu da canji a jaka, kowa ya hau duba nasa da fitilar waya yana lissafin gida da mota. To, a yi hattara. Kama da wane ba wane ba ne.

Mu fara da yadda aka yi kwabo ya samu riga. Kafin 1982, sentin Amurka kashi 95 cikin 100 jan ƙarfe ne, nauyinsa giram 3.11. Da jan ƙarfe ya yi tsada, har ƙarfen da ke jikin kwabon ya nemi ya fi kwabon kansa daraja, sai gwamnati ta canza dabara a cikin wannan shekara. Aka koma yin cikinsa da wani farin ƙarfe mai araha, zinki, wanda tsoffin maƙera ke kira tutiya, shi ne wanda ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Sannan aka yi masa ruwan jan ƙarfe a waje. Sabon kwabon kashi 97.5 zinki ne, jan ƙarfen kashi 2.5 kacal, nauyinsa kuma ya sauko zuwa giram 2.5. Iyayenmu mata sun san wannan aiki sarai, don shi ne bambancin 'yan kunnen gwal da 'yan kunne masu ruwan gwal. Rana ɗaya kyansu ɗaya, sai an sha gumi ake gane na gaske.

Ba Amurka kaɗai ta bi wannan hanya ba. Ingila ta mai da kwabonta ɗaya da kwabo biyu baƙin ƙarfe mai ruwan jan ƙarfe a 1992. Ƙananan sulallan Yuro, na senti ɗaya da biyu da biyar, haka suke. Mu ma a Najeriya, kwabo ɗaya da kwabo goma da kwabo ashirin da biyar da aka fitar a 1991, cikinsu baƙin ƙarfe ne, jan na waje ne kawai. Abin dariyar ma shi ne, kalmar kwabo kanta daga sunan jan ƙarfe a bakin Turawa muka aro ta. Suna ya zauna, ƙarfen ya gudu.

Ga yadda ake aikin. Ana yanko faya-fayen zinki, a wanke su, a zuba cikin wata ganga mai juyawa da ke nutse a ruwan sinadari, a saki lantarki. Lantarkin ne ke jawo jan ƙarfe ya kwanta a jikin kowane faifai, shimfiɗar da ta fi silin gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Bayan an gama sa rigar ne ake kai faifan gidan buga kuɗi, a sa shi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, a danne da ƙarfin tan gommai, hoto da rubutu su fito. Ku riƙe wannan tsari da kyau: riga tukuna, duka daga baya. Kusan duk aibin da za mu ambata daga nan ya samo tushe, domin an sa wa mutum matsattsiyar riga ne sannan aka ce ya yi dambe.

Aibi na farko, wanda aka fi cin karo da shi, shi ne bororo. Idan wankin faifan bai fita ba, ɗan maiƙo ko datti ko iska ta maƙale tsakanin zinki da rigarsa. Da hatimi ya sauko, zafin dukan ya kumbura abin da ke ciki, rigar ta ɗago kamar fatar da ruwan zafi ya taɓa. Wani bororon ƙanana ne barbaje, kamar ƙurajen zafi a goshin yaro. Wani guda ɗaya ne dunƙulalle. Wani kuma dogo ne kamar tsutsa ta bi ƙarƙashin fata, wani lokaci ma layi biyu ko uku a jere, sun nufi gefe ɗaya. Kwabban shekarun farko, daga 1982 zuwa ƙarshen shekarun 1980, su suka fi fama da wannan, lokacin masu aikin ba su gama ƙwarewa ba.

Mai ganin wannan a karon farko zai ɗauka ya tsinci dami a kala. Amma a shekarar 1982 kaɗai, Amurka ta buga senti fiye da biliyan 16. A cikin irin wannan taro, mai bororo ba baƙo ba ne. Masu tara sulalla na gaske suna kallonsa a matsayin naƙasa, kuma kamfanonin da ke tantance darajar sulalla, irin su PCGS da NGC, masu ba da maki daga 1 zuwa 70, bororo mai muni rage wa kwabo maki yake yi a wurinsu.

To yaya za ka raba bororo da kumburin da ya fito daga hatimi? Ga ƙa'idar da nake so kowa ya tafi da ita gida yau. Aibin hatimi yana da 'yan'uwa, aibin riga kuwa tilo ne. Idan hatimi ya tsage ko ya ɓantare, ƙarfe yana shiga cikin tsagar, sai ya fito a jikin kwabo a matsayin tudu, cikakke, mai tauri, mai kaifin gefe. Kuma duk kwabon da wannan hatimi ya buga bayan nan zai fito da tudun nan a wuri ɗaya, siffa ɗaya, kamar tsagar gado a fuskar 'yan gida ɗaya. Shi ya sa masana ke iya rubuta shi a littafi, su ba shi lamba, masu saye su neme shi da suna. Bororo kuwa fanko ne, gefensa a kwance yake, samansa sumul, kuma ba za ka taɓa samun kwabbai biyu da bororo iri ɗaya a wuri ɗaya ba. Abin da ba shi da dangi, ba shi da shafi a littafi, da wuya ya yi kasuwa.

Aibi na biyu shi ne yagewar riga, kuma shi ya fi yaudarar mutane. Lokacin da hatimi ya danne faifai, ƙarfe yana malala daga tsakiya zuwa baki. Rigar ta miƙe iya miƙewarta, inda ta gaza sai ta yage, galibi a gefen haruffa, ko lambobin shekara, ko ɗan harafin nan da ke ƙarƙashin shekara mai nuna garin da aka buga, kamar D na Denba. Sai ka ga wani siririn layi fari ko toka-toka yana bin harafin kamar inuwa, ta ɓangaren da ke fuskantar bakin kwabo. Mutum ya duba ya ce rubutun biyu ne, ya fara murna.

Dalilin murnar shi ne, akwai kwabbai masu rubutu biyu na gaske, kuma suna da tsada. Waɗannan tun wurin ƙera hatimin aka yi kuskure, zanen ya hau sau biyu a ɗan karkace. A cikin masu rigar jan ƙarfe akwai sanannu: na 1983 wanda rubutun bayansa ya ninku, na 1984 wanda kunnen Lincoln ya zama biyu, da na 1995 wanda kalmar LIBERTY ta ninku. A irin waɗannan, zanen na biyu a ɗage yake, a dunƙule, launinsa ja kamar na farko, kuma ƙarshen haruffa yana rabuwa kamar harshen maciji. A yagaggiyar riga kuwa babu wani tudu na biyu, farin cikin kwabo ne kawai ya leƙo. In ka ga toka-toka, to ciwo ka gani.

Na uku shi ne fuska mai gurza-gurza kamar ɓawon lemo. Wannan tsufan hatimi ne. Hatimi ɗaya yana buga kwabbai dubu ɗaruruwa kafin a sauke shi, kuma kowane duka yana cin fuskarsa kaɗan-kaɗan. In ya gaji, filin kwabo ya daina fitowa sumul, sai ka ga ƙananan ramuka da tuddai, da siraran layuka suna fita daga tsakiya kamar hasken rana, haruffan bakin kwabo su yi kamar suna narkewa. Wani lokaci har wani ɗan tudu yake zagaye kwabon kusa da baki kamar zobe. Shi ma wannan daga gidan buga kuɗi ya fito, amma alamar gajiya ce, kuma masu tarawa sun fi son wanda sabon hatimi ya buga.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan aibin da ke fitowa a fuskar kwabo mai ruwan jan ƙarfe. Mun ga waɗanda ake haifar kwabo da su. Yanzu ga ciwon da ke kama shi bayan ya shigo duniya.

Mafi muninsu shi ne ruɓewar zinki. Na ce muku zinki ake shafa wa kwanon rufi. Hikimar ita ce, in ƙarfe biyu suka haɗu da laima, ɗaya ne ke cinyewa ya ceci ɗaya, kuma zinki shi ne mai sadaukar da kai. A kwanon rufi wannan alheri ne, don shi ke waje yana tsare na ciki. A kwabo kuwa an juya lamarin: mai cinyewar ne a ciki. Muddin rigar tana rufe ruf, lafiya lau. Ranar da bororo ya fashe, ko yagewar nan ta buɗe ƙofa, ko wani abu ya karce shi, gumi ko laima ta shiga, shi ke nan. Zinki ya fara zama farin gari, garin ya kumbura ya ƙara ɗaga rigar, rigar ta ƙara buɗewa. Da farko ɗigo ne baƙi ko fari. Bayan wani lokaci rami ne. Wanda ya kwana biyu a cikin ƙasa, sai ka tono shi kamar gara ta ci, ɓawon jan ƙarfe a waje, ciki ya zama toka. Kumburin ruɓewa daban yake da bororon asali: kewayensa yana dushewa, yana da gari ko ɓawo, kuma yana girma. Wannan ciwo ba shi da magani. Abin yi kawai a raba mai shi da sauran.

A nan zan ɗan ratse, don maganar ta shafi lafiya. Ruwan cikin ɗan Adam yana da tsami, kuma yana cin zinki. Yaro in ya haɗiyi irin wannan kwabo, kada a zauna jiran ya fito da kansa, a kai shi asibiti.

Namu kwabban na 1991, da na Ingila da na Yuro, nasu ciwon tsatsa ce, tunda cikinsu baƙin ƙarfe ne. Ku duba kwabo ashirin da biyar ɗin nan mai hoton gyaɗa, in akwai shi a tsohon gwangwani a gida. Yawanci daga baki tsatsar ke farawa, inda gogayya ta cinye rigar, sai ta bi ta ƙarƙashi tana ɗaga ta, ta bar tabo ruwan ƙasa mai kaushi. Maganaɗisu zai gaya maka irin wanda ke hannunka: kwabo ɗaya na 1973 tagulla ne, ba ya kamawa, na 1991 kuwa tsalle zai yi ya manne.

Wannan maganaɗisun shi ne kuma maganin wata tsohuwar damfara. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka na buƙatar jan ƙarfe don kayan yaƙi, sai ta buga sentin shekarar da baƙin ƙarfe, ya fito fari. Amma wasu 'yan ƙalilan faya-fayen jan ƙarfe da suka rage a cikin injin sun samu hatimin 1943 bisa kuskure. Ɗaya daga cikinsu, bugun Denba, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Tun da labarin irin waɗannan kwabbai ya bazu, 'yan damfara ke ɗaukar farin na baƙin ƙarfe, wanda aka buga fiye da biliyan ɗaya, su yi masa ruwan jan ƙarfe su kai kasuwa. Duk wanda ya kawo maka jan senti na 1943, kafin ku fara ciniki, kara masa maganaɗisu. In ya manne, ku yi sallama.

Akwai kuma akasin haka: senti na bayan 1982 da ya fito fari fat, babu riga. Yana faruwa da gaske faifai ya tsallake gangar sinadari, kuma irin wannan kuskure yana da masu nema. Sai dai mafi yawan fararen da ke yawo, ko dai an tuɓe musu riga da ruwan asid, ko kuma ɗalibai sun shafa musu wani ƙarfen a darasin kimiyya. Wanda asid ya ci, fuskarsa a dushe take, da ƙananan ramuka, rubutunsa ya yi laushi. Wanda aka shafa wa ƙarfe yana ƙyalli fiye da kima kamar cokali sabo. Na gaske yana da sheƙin nan mai juyawa in ka karkata shi a haske, rubutunsa kuma garau.

Kayan aikin duk da mai sha'awa ke buƙata guda huɗu ne, kuma babu mai tsada a ciki. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau goma. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, wanda ke nuna ɗigon giram. Maganaɗisu. Sai fitila guda, wadda za ka haska daga gefe, a kwance, domin hasken gefe ne ke fitar da tudu da rami. Sikelin nan kada a raina shi. A 2016 wani mai tara sulalla a Amurka ya gano sentin 1982 bugun Denba mai ƙananan lambobin shekara wanda ya kamata ya zama zinki, amma sikeli ya nuna nauyin jan ƙarfe. An sayar da shi dala 18,800 a shekarar da ta biyo baya. A ido, babu abin da ya raba shi da miliyoyin 'yan'uwansa. Gwajin ƙarar da na yi muku ɗazu kuwa, na yi ne da kwabban da ba su da wata daraja. Wanda kake zaton yana da tsada, kada ka jefa shi a tebur, ɗora shi a sikeli.

Saura babban gargaɗi, kuma a kaina na koye shi. Shekarun baya na samu gwangwanin madara cike da tsoffin kwabbai a kayan kakata, Allah ya jiƙanta. Na ga sun yi duhu, na ce bari in yi musu gata. Na samo toka da lemun tsami, yadda ake wa gindin tukunya, na zauna a tsakar gida na dirje su ɗaya bayan ɗaya. Da yamma suna walƙiya, ina ta jin daɗi. Kwana uku sai suka koma wani kalar hoda-hoda marar kyau, da na sa gilashi kuma na ga fuskar kowanne ta cika da karce kamar an ja ƙaya a kai. Kafin damina ta fita, masu cikin baƙin ƙarfen duk sun feso da tsatsa, don na cinye 'yar rigar da ke tsare su da hannuna. Garin gyaran gira na rasa ido. Duhun da na wanke, ashe shi ne abin da masu saye ke so su gani, shi ne shaidar cewa ba a taɓa kwabon ba. Saboda haka kada a goge, kada a dirje, kada a jiƙa a lemo ko omo ko man goge ƙarfe.

Adana shi kuma ba wuya. A riƙe kwabo ta baki, tsakanin babban yatsa da manuni, domin gumin yatsa yana zana kansa a jan ƙarfe har abada. Kada a yi magana a kansa ko a hura masa iska, ɗigon yawu ne ke zama baƙin tabo. Kowanne a ba shi gidansa, takarda marar tsami ko 'yar roba mai tauri da aka yi don haka. A guji leda mai laushin nan mai warin sabon takalmin roba, tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. A sa su a akwati mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a ajiye nesa da randa da bango mai jiƙa. Da damina laima ce abokiyar gaba, da hunturu kuma ƙura, wadda in ka share ta da gefen riga ta zama yashin gurza.

A ranar 12 ga Nuwamba, 2025, gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya buga sentin ƙarshe na kashewa, bayan kuɗin yin kowane ɗaya ya haura senti uku da rabi. Biliyoyi na nan a hannun mutane, don haka kada wani ya ce maka gobe za su yi tsada. Amma zinki ba ya jiran kowa, kullum wasu suna ruɓewa a aljihu da ƙasa da gwangwani. Wanda zai yi wuyar samu nan da shekaru masu yawa shi ne mai lafiyayyar fuska, ja, sumul, wanda bai yi bororo ba, bai yage ba, ba a kuma wanke shi ba. Masu neman arziki a jikin ƙurji sun sa ido a inda ba shi ne ba.

A nan za mu dasa aya. Wanda ke da tsohon gwangwani a gida, ya buɗe shi yau da rana, ya ware masu tsatsa gefe guda, sauran kuma ya bar su da duhunsu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.

[Kiɗan rufe shiri]